Shayin la'asar a karkarar Ingila, ni da Umma da Auta

Shayin la'asar irin na Turawan Ingila ba abu ba ne da mutum zai wayi gari ya ce bari in leƙa in sha. Sai an kama tebur tun da sauran makonni, balle a otal-otal ɗin karkara masu suna, balle kuma ranar Asabar a watan Yuni, lokacin da duk wani Bature ke neman inda zai shanya jikinsa a rana. Umma ta zo mana daga Kano zaman 'yan watanni, kuma duk yawon da muka kai ta bai wuce ganin likita, kasuwa da gidajen 'yan'uwa a cikin Landan ba. Na ce kafin ta koma sai ta ga wata Ingilar da ba ta benaye da hayaƙin mota ba. Na zaɓi wani otal a yankin Cotswolds, na ce wa Auta ta shirya, da ita za a je.

Kama teburin a intanet ake yi. Ka zaɓi rana, ka zaɓi sa'a, ka faɗi ko ku nawa ne. Zaman farko yakan fara bayan ƙarfe ɗaya, na ƙarshe wajen huɗu da rabi, kuma kowane tebur an yanka masa wajen awa biyu. Za su karɓi lambar katin banki su cire kafin alƙalami, da sharaɗin in ka fasa ba ka sanar da su da wuri ba, kuɗin nan sun tafi. Farashi iri biyu ne: na shayi zalla, da wanda ake haɗa wa kofin giyar shamfen. Namu na farkon ne, kusan fam 50 kan mutum ɗaya.

A ƙasan shafin akwai wani ɗan gurbi da aka ce mutum ya rubuta abin da ba ya ci. Ga Musulmi, wannan gurbin shi ne rabin aikin. Ban tsaya a kansa ba, na bi su da imel, sannan na buga waya, domin rubuta "ba ma cin naman alade" kaɗai ba ya fitar da kai. Naman aladen da ake sawa a sanwici shi ne mai sauƙin ganewa. Kazar da za su kawo ba yankan Musulmi ba ce, sai dai in sun tabbatar maka. Kayan zaƙi masu santsi da rawa a faranti yawanci jelatin ne ke riƙe su, shi kuwa jelatin a Turai galibi daga fatar alade ake samo shi. Ga kuma barasa da ke ɓuya a cikin kek, ko a zabibin da aka jiƙa da ita, ko a ruwan sukarin da ake shafa wa kek don kada ya bushe. Abin da ya fi sauƙi gare su, kuma ya fi kwanciyar hankali gare ka, shi ne ka ce a yi muku na marasa cin nama, a ƙara kifi, kada barasa ta shiga ko ɗigo. Matar da ta ɗauki wayar ba ta yi mamaki ba ko kaɗan, da ji ta saba. Ta karanto min abin da za su canza ɗaya bayan ɗaya, ta ce za ta miƙa wa mai dafa kayan zaƙi.

Sun kuma rubuta cewa ba a shiga da kayan wasanni ko takalmin gudu. Wannan bai dame mu ba. Umma ta sha leshinta da babban mayafi, har da turaren wuta tun a gida.

Daga tashar Paddington muka hau jirgin ƙasa, ya bi ta Reading da Oxford, cikin kamar awa ɗaya da rabi ya sauke mu a Moreton-in-Marsh. Tasi ma sai an yi masa magana tun kafin ranar, domin a irin waɗannan garuruwa kana iya fitowa daga tasha ka tarar babu mota ko ɗaya. Hanyar siririya ce, shingen ganye dama da hagu, in mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta raɓe. Gidajen duk da dutse iri ɗaya aka gina su, dutsen yankin mai launin zuma, gonaki kuma an raba su da gajerun katangun dutse da aka jera ba siminti ba laka. Arzikin wurin tun asali na ulu ne. Ɗaruruwan shekaru da suka wuce fataken gashin tumaki suka yi kuɗi a nan, su suka gina manyan coci-coci da gidajen da yanzu ake mayarwa otal. Tumakin suna nan har yau, farare ƙosassu, warwatse a kan tuddai.

Umma ta daɗe tana kallonsu ta taga, can ta ce, "To ina makiyayin?"

Auta ta ce, "Umma, babu. A nan suke kwana."

"Haka kawai? Ba mai ɗauka?"

Direban ya ga muna dariya ya tambayi abin da aka ce. Da na fassara masa sai ya ce ai ana sata, ba a dai cika yi ba ne. Umma ta gyaɗa kai, hankalinta ya kwanta, duniya ta koma yadda ta san ta.

Otal ɗin tsohon gidan wani mai ƙasa ne, ginin shekarun 1600, ganye ya hau bangon gaba har saman tagogi, tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin taya. Mun iso da sauran lokaci, sai na tambayi ta wajen karɓar baƙi ko akwai inda za mu yi sallah. Ta buɗe mana wani ƙaramin ɗakin karatu da ba kowa, ta ja mana ƙofa. Muka yi azahar a kan dardumar da Auta ta ɗauko a jaka, hotunan tsofaffin masu gidan suna rataye a bayanmu. Ƙarfe uku saura kwata aka kai mu tebur, kusa da wata doguwar taga mai kallon lambu. Farin ƙyalle an goge shi ƙal, kofuna masu zanen fure, marasa kauri, in ka ɗaga ɗaya wajen haske kana hango inuwar yatsanka.

Ba abinci ake fara kawowa ba. Ɗan littafi ake miƙo maka, na ganyen shayi kaɗai, ya haura iri ashirin, kowanne da bayanin ƙasarsa da ɗanɗanonsa. Yaron da ke mana hidima ya tsaya da hannuwa a baya yana jira. Umma, wadda ba ta kiran sunana don ni ce 'yar fari, ta ɗan taɓo ni ta ce, "Ke, ce masa Lipton." Na ce mata ba na jin suna da shi, kuma abin dariyar shi ne mai sunan ɗan nan tsibirin ne: Thomas Lipton, ɗan kasuwar Glasgow da ya sayi gonakin shayi a Siri Lanka a 1890, sunansa ya bi duniya har ya zama a wajenmu shi ne sunan ganyen gaba ɗaya. Amma a Ingilar kanta ba shi aka fi sha ba, kuma a irin wannan wuri ba a kawo shayin jaka mai zare. Ganye ne sake a cikin buta.

Na zaɓar mata Assam, na arewa maso gabashin Indiya, baƙi mai ƙarfi wanda ke ɗaukar madara ba ya sarewa. Shi ne Turawa suka fara nomawa da kansu don su daina dogara da Sin, aka fara gwanjonsa a Landan a 1839. Auta ta ɗauki Earl Grey, mai ƙamshin man ɓawon wani lemo da ake kira bagamot, wanda aka sa wa sunan Charles Grey, firayim ministan Birtaniya daga 1830 zuwa 1834. Ni kuma Darjeeling, na gindin duwatsun Himalaya, tsinkar farko ta watan Maris zuwa Afrilu, wanda ruwansa ke fitowa fatsi-fatsi, ba a sa masa madara. Na duba littafin ko zan ga na Afirka, na samu guda ɗaya na Kenya a can ƙasa, alhali Kenya ce ta fi kowace ƙasa sayar wa Birtaniya ganyen shayi. Namu na Mambila kuwa, da ake nomawa a Kakara ta jihar Taraba, ko labarinsa yaron bai taɓa ji ba.

Kowa da butarsa aka kawo, da wata butar ruwan zafi ta ƙari, da ɗan mataci na azurfa da mazauninsa, da wani agogon yashi mai kwalba uku. Yaron ya kifa shi ya ce in yashin tsakiya ya ƙare, wato minti huɗu, a zuba. Baƙin shayi yana son tafasasshen ruwa da minti uku zuwa biyar. Kore kuwa ruwan da ya ɗan huce yake so, in ba haka ba ya yi ɗaci. Ana ɗora matacin a bakin kofi, a tsiyaya, a mayar da shi mazauninsa don kada ya ɗiga a farin ƙyalle. Madarar ɗanya ce ta shanu, mai sanyi, a ɗan ƙaramin tulu, sukari kuma mai ƙwaya da ɗan matsefin ɗauka. Umma ta kalli madarar ta ce wannan ai ruwa ce. Ta zuba kusan rabin tulun, ta jefa ƙwaya uku, ta juya, ta kurɓa. Ba ta ce komai ba, amma ta sake kurɓa kafin ta ajiye kofin, kuma wanda ya san Umma ya san an ci jarrabawa.

Muna jiran abinci ta tambaye ni wannan cin na mene ne, tunda ba na rana ba ne ba kuma na dare ba. Na ba ta labarin yadda ake faɗa. Shayi ya samu shiga fadar Ingila ne ta hannun Catherine, 'yar sarkin Fotugal da ta auri Sarki Charles na Biyu a 1662. Amma zaman la'asar ɗin ana danganta shi da wata Anna Maria Russell, matar hakimin Bedford kuma ta hannun daman Sarauniya Biktoriya, wajen 1840. A zamanin masu hali ba sa cin abincin dare sai takwas ko bayan haka, na rana kuma ɗan taɓawa ne. Sai yunwa ta riƙa kama ta da yamma, ta sa a riƙa kai mata shayi da burodi da bota da ɗan kek ɗakinta. Daga nan ta fara gayyato ƙawaye gidansu na Woburn, abu ya zama yayi a tsakanin matan manya. Umma ta ce, "Wato dai matar da ba ta da aikin yi ce ta ƙirƙiro shi." Ban iya musa mata ba.

Sai ga abincin, a kan wani marikin ƙarfe mai hawa uku, faranti bisa faranti. Daga ƙasa ake farawa a yi sama: mai gishiri, sannan sikon, sannan kayan zaƙi. Yaron ya bi su ɗaya-ɗaya yana faɗin suna, ya kuma nuna waɗanda aka canza saboda mu. Wannan ya burge ni, domin ban sake buɗe baki na tambayi komai ba.

Sanwicin an yanke musu ɓawo, an yanka su dogaye, kowanne bai fi yatsu biyu ba. Akwai na kokwamba da aka fere siriri kamar za a ga bayansa, da bota da ɗan gishiri. Akwai na ƙwai da bama da wani ɗanyen ganye mai ɗan yaji. Akwai na kyafaffen kifin salmon da cuku mai laushi, a baƙin burodi. Na huɗun a ƙa'ida na kaza ne da miyar kori mai ɗan zaƙi, wadda aka ƙirƙiro don walimar naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1953, mu kuma aka yi mana da wake mai ƙwaya a madadin kazar, kuma ban ji na yi asarar komai ba. Da hannu ake ci, abin da ya yi wa Umma daɗi, don tun a jirgi take zullumin wuƙa da cokali mai yatsu. Ta ɗaga na kokwamban ta juya shi gaba da baya.

"Yanzu wannan muka hawo jirgi muka zo ci?"

Auta ta ce, "Umma ki ci dai, ana ƙarowa."

Ana ƙarowa kuwa, ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma nan tarkon yake. Faranti ya ƙare, yaro ya zo da murmushi ya ce a ƙaro? Ka ce e, don a idonka ba ka ci komai ba. Na kifin muka sa aka ƙaro, sau ɗaya. Auta ta so a sake, na hana ta, na ce ta bar wa na tsakiya wuri.

Na tsakiyan nan shi ne dalilin zuwa, a ganina. Sikon wani ɗan dunƙulen gashi ne na fulawa da bota da madara, ba burodi ba ne don ba a sa masa yis, ba kuma kek ba ne don zaƙinsa kaɗan ne. Ba su kawo shi tare da sauran ba, sai da muka gama da sanwici aka fito da shi daga tanderu, a naɗe cikin farin adiko, biyu-biyu, ɗaya zalla ɗaya da zabibi. Da ka buɗe adikon tururi ya taso da ƙamshin bota. Ba a yanka shi da wuƙa. Yana da wata tsaga a kwiɓi inda ya kumbura, nan za ka sa manyan yatsu ka raba shi biyu, bayan ya ɗan yi ƙarfi, cikin kuwa laushi har yana marmashewa. Ba a kuma mayar da shi a haɗe, kowane ɓari da kansa ake shafa masa.

Abin shafawar biyu ne, jam na sitiroberi da wani kirim mai kauri da ya fito daga kudu maso yammacin Ingila. Yadda ake yinsa, ana zuba madara mai cikakken mai a faffaɗan kwano mara zurfi, a ɗumama ta a hankali na tsawon sa'o'i ba tare da ta tafasa ba, a bar ta ta huce. Man sai ya taso ya daskare, samansa ya yi ɓawo ruwan ƙwai. Na yankin Cornwall tun 1998 doka ta kare sunansa, kuma sai mai ya kai kashi 55 cikin ɗari kafin a kira shi da sunan. Cokali yana tsayawa a cikinsa. Umma ta lakato kaɗan ta ɗanɗana, ta ce wannan ai saman kindirmo ne wanda Bafulatana ba ta yaɗe ba, sai dai babu tsami. Daga nan ba ta ƙara neman bayani ba, ta ja kwanon gabanta.

Akwai rigimar da ba ta ƙarewa a kan wanne ake fara shafawa. Mutanen Devon kirim suke sawa a ƙasa, jam a sama. Na Cornwall jam a ƙasa, kirim a sama, kuma kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai san abin da yake yi ba. Wasu tsofaffi biyu a teburin kusa da mu, mata da miji, har da su aka shigo maganar, matar tana nuna wa Auta da cokali. Na gwada duka biyun. Na Cornwall ya fi min, don sikon mai zafi yana narkar da kirim in shi ne a ƙasa, in kuwa jam ya shiga tsakani sai ka tula kirim son ranka ya zauna daram. Da kurɓin shayi mai zafi a bayansa, man da ya kwanta a harshe ya wanke, ka koma kamar ba ka fara ba.

A nan na lura babu wanda ya duba waya tun da muka zauna, har Auta. Babu kiɗa, babu mai tsaye a kanka yana jiran ka tashi, sai ƙarar cokali da maganar mutane ƙasa-ƙasa. Umma ta saki jiki ta shiga ba mu labarin zuwansu Hajji na farko da Baba, labarin da na sha ji gutsi-gutsi amma ban taɓa jin sa daga farko har ƙarshe ba, don a gida kullum akwai tukunya a wuta ko baƙo a ƙofa. In aka ce min me fam 50 ɗin ta saya, fulawa da ganye ba su kai rabin rabinta ba. Kujerar aka biya, da awa biyun.

Hawa na sama na kallo ne. An yi musu ado kamar kada a taɓa: ɗan kek na lemun tsami, wani na cakulan mai sheƙi, ɗan biskit mai laushi ruwan hoda da ake kira makaron, da yankan kek mai jam a tsakiya wanda ke ɗauke da sunan Sarauniya Biktoriya. Wanda ya kamata ya zo da jelatin an musanya mana shi da 'ya'yan itace a ɗan kofi, kuma nan ne kaɗai na ga kamar mai dafawar ya bi hanya mai sauƙi. Gaskiya lokacin da muka iso nan ciki ya riga ya rufe. Na ci na lemun tsamin don tsaminsa ya yanke zaƙi, sauran kuwa sukarinsu ya yi min yawa. An yarda ka canza shayi a tsakiyar zama, sai Auta ta ce a kawo mata Lapsang, na lardin Fujian a Sin, wanda ake busarwa a kan hayaƙin itace. Umma ta shinshina butar ta ture, ta ce a gaya musu ya ƙone.

Abin da ya rage ba a barinsa, kuma ba abin kunya ba ne ka ce a ƙunsa maka. Suka jera mana a ɗan kwali mai igiya. Takardar kuɗi ba ta zuwa sai ka nema, in ta zo kuma za ka ga an ɗora kashi 12.5 cikin ɗari na ladan hidima. An rubuta cewa ganin dama ne, amma ban ga fuskar da zan ce a cire ba bayan yaron ya yi ta kai-kawo da butoci. Na miƙa kati da sauri na ninke takardar kafin Umma ta ce Auta ta juya mata lissafin zuwa naira.

Da sauran lokaci kafin mai tasi ya dawo, muka zaga lambun, rana tana sama kamar ba yamma ba, don a watan Yuni sai bayan tara take faɗuwa. Muka koma ɗakin karatun muka yi la'asar. A hanyar fita akwai wani ɗan kanti da suke sayar da ganyen a gwangwani. Umma ta tsaya ta ce in tambaya wanne ne nata. Ta sa na sayi gwangwani biyu na Assam, ɗaya nata ɗaya na Baba, ta ce kuma in mun koma Landan a nemo mata irin matacin nan, amma ba na azurfa ba, don yaran gida za su ɓatar.